Kyautar injin yankan itace ga Baba: nazarin shawarar wani gida a ƙasar Daura

Wannan lamari ya faru ne a wani ƙauye tsakanin Daura da Zango, a gidan wani dattijo manomi da ya ba shekara 60 baya. 'Ya'yansa huɗu suka yi karo-karo don su saya masa injin yankan itace in an gama kaka. An sako ni cikin shawarar saboda babban ɗan abokina ne tun muna firamare, kuma sana'ata gyaran injin ban ruwa da ƙananan janareto, to a wurinsu duk abin da ke shan fetur ni ne malaminsa. Zan kira kowa da matsayinsa a gidan.

Duk wanda ya zo mini da irin wannan magana, tambayarsa ta farko ita ce wane inji ya fi ƙarfi. A wannan gidan sai da aka ajiye wannan tambayar gefe kafin a fara ganin hanya.

Mutumin da aikinsa

Da damina Baba manomi ne kamar kowa, gero da wake da 'yar gyaɗa a jigawa. Da rani kuwa itace ne ke riƙe gidan. Yana da layukan bedi a gefen gonarsa, waɗanda ya dasa tun ƙarshen shekarun 1980, lokacin da aikin dashen itatuwa da ƙasashen Turai suka tallafa yake raba wa manoman arewacin jihar Katsina dashe. Bedi ba ya mutuwa don an sare masa rassa. In aka datse shi sama da inda awaki za su kai, sai ya sake tofowa, bayan 'yan shekaru ya ba da wasu. Baba ya raba layukan, bana a datse wannan, baɗi wancan. Ban da nasa, yana sayen itacen da iskar farkon damina ta kayar a gonakin mutane, gawo ko bagaruwa, wani lokaci tsohon kututturen ƙirya. Yana kai wa wani gidan burodi a cikin Daura da amalanken shanu, sauran kuma mata masu tuwon sayarwa da masu ƙosai su saya dami-dami a ƙofar gida.

Kayan aikinsa gatari biyu da adda. In gungume ya fi ƙarfin gatari, sai a kira ɗan ofareta, wato mai sana'ar yankan itace da inji, a biya shi kuɗin mai da na aiki, a kuma jira ranar da ya ga dama. Abin da ya tayar da maganar kyautar shi ne kafaɗarsa ta dama. Shi bai gaya wa kowa ba. Inna ce ta faɗa wa 'yarta a waya cewa da asuba sai ta taimaka masa ya zura hannu a riga.

Kafin a ambaci sunan kowane inji, na ce a sa Auta, wanda shi kaɗai ya rage a gida, ya ari tef ɗin tela ya auna bakin duk gungumen da ke jibge a bayan gida da na gona. Sakamakon bai yi wa babban ɗan daɗi ba. Mafi yawansu tsakanin inci 6 ne da 10. Ƙalilan sun kai 14. Wanda ya haura inci 20 kuwa, Auta ya ce bai fi su samu ɗaya ko biyu a shekara ba. Duk gardamar da ta biyo baya, da ta yi zafi sai a koma kan wannan awon.

Baki huɗu, inji huɗu

Babban ɗan, ɗan kasuwa ne a Kano, ya riga ya yanke tun kafin ya kira ni. Stihl 070 yake so. Ba laifinsa ba ne, don shi ne injin da kowa ya sani. Shi 'yan ofareta ke saɓawa a bayan babur, shi ake tsaga katako da shi a dazuzzukan kudu, kuma ko a ƙauye za ka samu mai gyaransa da mai sayar da sarƙarsa. Kamfanin na Jamus ne, Andreas Stihl ya kafa shi a 1926, shi kuma 070 tsohon ƙira ne tun ƙarshen shekarun 1960, yana da juriya ta ban mamaki. Amma a duba lambobinsa. Girman injinsa ya haura cc 105. Nauyinsa kilo 10.7 ne tun ba a ɗaura masa takobi ba, wato dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kai. In aka ɗaura takobi mai inci 36 da sarƙa, aka cika tankinsa mai cin lita 1.2, ya wuce kilo 14. An yi shi ne don a kwantar da ƙaton maɗaci a tsaga shi katako-katako. A miƙa wa dattijo mai ciwon kafaɗa wannan don ya yanka reshen bedi mai inci 8, an ƙara masa ciwo ne da kuɗin 'ya'yansa.

Nauyin ma ba shi ne babbar damuwata ba. Irin 070 da ke yawo a kasuwanninmu ba shi da birkin sarƙa. Duk injin yankan itace yana harbi: in saman hancin takobin ya taɓa wani reshe ko ya maƙale, sarƙar da ke gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya sai ta cilla takobin sama da baya, wajen fuska da kafaɗar mai riƙe, kafin ya ƙifta ido. Sababbin injuna suna da wata kariya a gaban hannun hagu. Da injin ya yi harbi, ko dai bayan hannu ya buge ta ko ƙarfin fizgar ya tura ta, sai birki ya kama sarƙar nan take. Kuma babu inda harbi ya fi aukuwa kamar tsibin rassan da suka haye juna, inda kana yanka wannan hancin takobi yana laɓe kusa da wancan. Aikin Baba ke nan kullum. Tsawon takobi yana ƙara haɗarin, don hancin ya yi nisa da idonka.

Na biyu, malamin makaranta ne, ya ce a sayi ɗan Sin mai araha, ragowar kuɗin a yi wa Baba taki. Waɗannan injuna masu cc 52 ko 58 sun cika kasuwa, sunan jikinsu yana canzawa amma cikinsu kusan ɗaya ne. Ba zan ce duk tarkace ba ne. Kayan gyaransu suna ko'ina kuma da sauƙin kuɗi, kuma na ga saurayin da ya ci abinci da irinsu don ya iya kwance kafireto da kansa. Matsalar ita ce ba ka san abin da ka sayo ba sai ka kai gida. Wani birkinsa yana kamawa, wani ado ne kawai. Wani famfon mansa yana jiƙa sarƙa, wani sati biyu ya bushe. Abin da ya fi yawa kuma shi ne wuyar tashi, a yi ta jan igiya ana tsaki. Kowane ja ɗaya daga kafaɗar nan da ake son hutarwa yake fitowa. Saurayi mai son kwance-kwance zai iya zama da irin wannan, amma ban ga ya dace da kyauta ga mahaifi ba.

'Yar gidan ma'aikaciyar jinya ce a Katsina, kuma da farko ba ta son a sayi komai, don ta ga irin raunin da sarƙa ke yi. Da ta ga za a rinjaye ta, sai ta kawo mai batir. Hujjarta tana da ƙarfi: ba jan igiya, ba haɗa mai, ba hayaƙi, ƙara kaɗan, kuma da ka saki maɓalli ya tsaya. Da itacen girkin gida kawai Baba ke yankawa, da na goya mata baya. Amma amalanke guda ake cikawa, gona ba wuta, batir na biyu kuɗinsa ya kusa na injin, kuma zafin watan Afrilu ba abokin batir ba ne. Aka bar shi.

Auta ya goyi bayan 070 da ƙarfinsa, kuma kowa ya gane dalili. Yana hango kansa a bayan babur yana zagaya ƙauyuka aikin kuɗi. Wannan buri ne mai kyau, sai dai nasa ne, kyautar kuwa ta Baba ce.

Yadda aka ji ta bakin mai gayya

Babban ɗan yana son abin ya zo wa Baba ba zato. Na ce inji ba shadda ba ne, dole a san abin da hannunsa zai ɗauka. To amma a gidan da uba ba ya ko kiran sunan ɗan farinsa, ba yadda za a yi ɗan ya zauna gabansa ya ce, Baba, ƙarfinka ya kai kaza? Inna ce ta warware. Ranar da ɗan ofareta ya zo yanka wani gawo da ya faɗi, ta sa Auta ya ce masa in ya kashe injin ya miƙa wa Baba ya ji nauyinsa, kamar da wasa.

Auta ya ba ni labarin dalla-dalla. Baba ya naɗe hannun riga, ya kama da hannu biyu, ya ɗaga shi daidai ƙugu, ya miƙa takobin kan gungume kamar yadda ya ga ana yi. Bai daɗe ba hancin takobin ya fara sunkuyawa ƙasa, jijiyoyin damtsensa suka miƙe, ya gyara tsayuwa, sannan ya dire shi a hankali ya karkaɗe hannu. Ya ce wa ɗan ofareta, “Allah ya yi maka albarka, yaro. Wannan naku ne masu jini a jika.”

Da aka isar wa babban ɗan, bai musa ba, sai ya fito da abin da ke cikinsa tun farko. Ya ce mutanen gari za su ce 'ya'ya huɗu sun haɗu sun sayo wa ubansu ɗan ƙaramin inji. Ƙanwarsa ta ce, “Yaya, mutanen garin ne za su ɗaukar mashi?” Daga nan aka rufe babin 070.

Zaɓin da aka tsaya a kai

Uku suka rage a gabanmu, duk na kamfanin Stihl, kuma duk masu birki. MS 180 mai cc 31.8, nauyinsa wajen kilo 4, yana da daɗin riƙo amma zai wahala a busasshiyar bagaruwa mai inci 14 in ana yi kullum. MS 382 mai cc 72.2 da kilo 6.2 injin sana'a ne na gaske, sai dai ya wuce buƙata kuma zai cinye kuɗin gaba ɗaya. MS 250 na tsakiya ne, cc 45.4, kilo 4.6, tanki ƙasa da rabin lita. Shi aka ɗauka, da takobi mai inci 16. Mai shago ya so ya ɗaura 18 a kuɗi ɗaya, muka ce a'a. Gajeren takobi ya fi sauƙin sarrafawa, haƙoran da za a wasa sun fi kaɗan, kuma inci 16 ya rufe kusan duk abin da tef ɗin tela ya nuna. Husqvarna ta Suwidin tana da masu wannan girman kuma ba su da aibu, amma a shagunan da abokina ya zagaya a Kano kayan gyaran Stihl ya fi gani a kan kanta.

Zaɓin yana da rauninsa, kuma an san da shi. Makanikin ƙauye ya fi sanin 070 da 'yan Sin. In wani abu babba ya lalace a wannan, sai an aika Kano. Abin da ya sauƙaƙa shi ne motocin Daura zuwa Kano ta Kazaure ba sa yankewa, kuma akwai ɗa a can da zai ba direba saƙo.

Wurin saye shi ne inda aka fi cutar mutane, don akwai na kwaikwayo da aka yi wa fenti iri ɗaya ana sayarwa da kuɗin na asali. Rubutun Jamus a jikin kwali ba shaida ba ne, haka kuma ganin an rubuta Sin ba ya nufin jabu, domin kamfanin yana da masana'antu a Jamus da Amurka da Brazil da Sin, sarƙoƙinsa kuma a Suwizalan ake yi. Abin da muka nema shi ne lambar inji mai alƙaluma 9 da aka buga a jikinsa, a rubuta ta a rasit, tare da littafin bayani. Sannan aka tayar da shi a shagon. In yana aiki ba a matsa masa wuta ba, sarƙa ba za ta motsa ba. In aka tura kariyar gaba, dole sarƙa ta tsaya cak. In aka riƙe hancin takobi kusa da kwali aka ba shi wuta, sai ka ga layin mai ya fito a kwalin, alamar famfo yana aiki. Mai shagon da ya ƙi yarda a yi waɗannan, a bar masa kayansa.

Ba a kashe kuɗin duka a kan injin ba, kuma ina ganin wannan ita ce shawara mafi kyau da aka yi. An ƙaro sarƙa biyu, da magagari mai zagaye na milimita 4.8, da fulogi, da matatar iska, da man haɗi na 2T, da man sarƙa. Sarƙa ba a saye ta da ido. Akwai lambobi uku a gindin takobi, tazarar haƙora da kaurin gindinsu da yawansu, sai duk sun dace. Ta 'yan Sin tana kama da wannan ƙwarai amma kaurin ya bambanta, don haka aka ɗauki hoton lambobin aka tura wa kowa a waya. 'Yar gidan ta ɗauki nauyin takalmi mai rufi, da gilashin ido, da safar hannu, da abin toshe kunne, don ƙarar injin ta haura desibel 100, alhali daga 85 kunne ke fara lalacewa in ana daɗewa. Wandon kariya, wanda zarensa ke cushe sarƙa ya tsayar da ita in ta taɓa ƙafa, sai daga Legas aka samo shi.

Koyo

Baba ya karɓi kyautar yadda dattawa ke yi. Ya sa albarka, ya ce an yi ɓarnar kuɗi, ya shiga ɗaki. Inna ta ce da dare ya sa aka kawo masa kwalin ya yi ta juya shi a hasken tocila.

An biya ɗan ofaretan nan ya koya musu shi da Auta, amma da sharaɗi. 'Yan ofareta suna da ɗabi'ar tayar da inji a iska, su riƙe da hannu ɗaya su wurga shi ƙasa suna fizgar igiya. Na ce wannan ba za a koya a gidan nan ba. A ƙasa ake ajiye shi, a sa birki, a taka hannun baya da ƙafar dama, hannun hagu ya danne na gaba, sannan a ja. Babban yatsan hagu kullum yana zagaye da mariƙi. Ba a yanka sama da kafaɗa, ba a hawa bishiya ko tsani da shi. Ma'anar wannan ita ce datse rassan bedi a sama ya ci gaba da zama aikin Auta da gatari, inji sai abin da ya riga ya sauka ƙasa.

Tufafi ne suka fi ba da wahala. Baba da jamfa da hirami yake zuwa gona, da silifa. Jamfa mai faɗin hannu kusa da sarƙa mai gudu neman fitina ne, hirami mai lilo kuwa ya fi. Shi kuma yana ganin matsattsun kaya a gaban 'ya'ya da surukai zubar da girma ne. Aka daidaita a kan wata tsohuwar rigar kaki da yake sawa in ya isa gona, ya cire kafin ya kamo hanyar gida. Wandon kariya yana da zafi, don haka aikin inji ya koma daga bayan asuba zuwa hantsi.

Haɗin mai kuwa na zauna da shi da kaina, don duk wanda ya saba da ƙaramin janareto yana ganin ya iya: a tsiyaya baƙin mai da ido, a girgiza. A nan ba haka ba ne. Kashi 50 na fetur, kashi 1 na man 2T mai kyau, wato mililita 20 a kowace lita. Na sayo sirinji mai cin 20 a kyamis na ɗaure shi da zare a wuyan galan. In man ya yi kaɗan fistin zai ci jikin silinda, in ya yi yawa sai hayaƙi da toshewar fulogi, in kuwa aka zuba zallan fetur, mintoci kaɗan sun isa a kashe injin. An shafa wa galan ɗin haɗi jan fenti. Ba a haɗa abin da zai wuce wata guda, a girgiza kafin a zuba, kuma in dole ta sa aka saya wurin 'yan bumburutu, a tace da ƙyalle mai tsabta. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ba mai wasa da lita, don haka ƙaramin tankin ya zama abin yabo a wurin Baba.

Abin da rani ya nuna

Ƙorafin farko ya zo da wuri: inji ya daina ci. Auta ya kira yana cewa an sayar mana da jabu. Na ce ya ɗebo abin da ke zubowa daga yankan ya gaya mini kamarsa. Ya ce gari ne laushi. Sarƙa mai kaifi ɓarzajjen itace take fitarwa, manya-manya, kuma ita ke jan kanta cikin gungume. In ka ga gari, kana kuma dannawa da ƙarfi, ta dakushe. Dalili a ƙasarmu a fili yake. Gungumen da ya kwanta a jigawa, iskar hunturu ta cusa masa rairayi a kowane tsagin ɓawo, kuma sarƙa ta taɓa ƙasa sau ɗaya ta gama. Maganin shi ne a goge wurin yanka ko a ɓare ɓawon da adda, a ɗora gungumen kan wani don ya bar ƙasa, a kuma wasa sarƙa duk lokacin da aka ƙara mai. Matatar iska ma da hunturu kullum ake kakkaɓe ta.

A nan Baba ya ba kowa mamaki. Mutumin da ya shekara 40 yana wasa gatari bai buƙaci dogon bayani ba. Na same shi wata safiya zaune kan buhu, ya maƙale takobin a tsagin wani kututture, ya shafa wa haƙori ɗaya alli don ya san inda ya faro. Yana tura magagari daga ciki zuwa waje, a karkace daidai layin digiri 30 da ke jikin mariƙin, sau uku kowane haƙori, ba ya jan shi baya a kan ƙarfe. Ya gama na gefe ɗaya, ya juya injin, ya bi na ɗaya gefen. Ya taɓa bakin da farce ya ce, “Yanzu ta ji.” Auta har yau bai kai shi a wannan ba. Busasshiyar ƙirya dai ko an wasa tana cinye kaifi da sauri, sai a yi haƙuri da ita.

Game da kafaɗa, gaskiyar ita ce inji ya ɗauke rabin wahalar ne. Ya ɗauke datsa gungume a kwance, wanda shi ne mafi cin rai da gatari. Faskare kuwa yana nan, kuma Baba bai yarda ya sakar wa Auta shi duka ba. Sai da 'yarsa ta zo ta tafi da shi asibiti aka duba kafaɗar aka ba shi magani da motsa jiki. Duk mai tunanin inji zai maye gurbin likita ya sake lissafi.

Abin da ba wanda ya hango shi ne aro. A ƙauye ba a hana maƙwabci gatari, kuma mutane sun ɗauka inji ma haka ne. Wani suruki na nesa ya ara kwana biyu. Ya dawo da shi haƙora uku sun karye, don ya yanka wata bishiyar shinge da tsohuwar waya ta nutse a cikinta, kuma ya cika tankin man sarƙa da baƙin man da aka juye daga mota. Wannan man yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe, yana lalata famfo da takobi. Baba ba zai iya cewa a'a ba, kuma bai kamata a sa shi ya faɗa ba. Sai 'ya'yan suka ɗauke masa nauyin: aka sanar cewa Yaya ya ce inji ba ya fita sai da Auta da jan galan. Mai buƙata ya sayi mai, Auta ya je ya yanka masa. Laifin ya koma kan wanda ke Kano, shi kuma bai damu ba.

Sai maganar hukuma. Gatari ba ya kiran malamin daji, inji kuwa ana jin sa daga nesa. Ba a yi wata guda ba ma'aikacin gandun daji na ƙaramar hukuma ya biyo ƙara har gona. Bai zo da faɗa ba. Ya ga bedin dashe ne kuma datsa ake yi, ya yi bayanin cewa duk bishiya mai rai da za a kayar daga tushe sai an nemi izini a ofis, ko da a gonar mutum take. Wannan ziyarar kamata ya yi a ce su suka fara kai ta kafin a kunna injin, kuma ita nake ba duk mai shirin saye shawara ya fara yi, tare da sanar da mai gari. Katsina tana cikin jihohi 11 na bakin hamada da hukumar yaƙi da kwararowar hamada ta Great Green Wall, wadda aka kafa a 2015, take aiki a cikinsu, kuma wanda ya san hanyar Daura zuwa Kongolam ba ya buƙatar a gaya masa dalili.

Nan ne damuwata ta fi yawa, fiye da birki da sarƙa. Aikin da ke cin kwana uku ya koma na safiya ɗaya, kuma mai gidan burodi ya lura, ya ce a ninka masa. Bedi kuwa ba ya ƙara saurin tofowa don an sayi inji. In aka datse layin baɗi a bana, baɗi sai a shiga neman na wasu, daga nan a fara kallon gawon da ke tsaye. Gawo shi ne ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya ba dabbobi 'ya'ya da inuwa da rani, ƙasar gindinsa kuma ta fi ko'ina albarka. A Maraɗi da Damagaram, tsallaken iyaka kaɗan, manoma sun dawo da itatuwa gonakinsu ta hanyar barin tohon kututture ya girma, tun daga shekarun 1980. Baba ya san wannan fiye da ni. Ya gaya wa mai burodi cewa amalankensa ɗaya ne, shanunsa biyu, abin da aka saba shi za a ci gaba da kawowa. Lokacin da ya samu sai ya zuba shi a gyaran shinge da renon wasu bedin a leda don dashen damina. Ba kowane uba ne zai yi haka ba, kuma da 070 ne a hannun Auta ban san yadda za ta kaya ba.

Manyan gungume masu inci 20 zuwa sama har yanzu ɗan ofareta ake kira musu, sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma kuɗin bai kai a damu ba. Auta bai bar burinsa ba. An yi da shi cewa in ya tara rabin kuɗin babban inji daga abin da yake samu a yankan maƙwabta, Yaya zai cika masa, da sharaɗin ya yi rani guda yana bin ɗan ofareta, ya kuma samo takardar izini daga ofishin gandun daji da sunansa. Ya ce ya yarda, amma ya nemi a rage zuwa kashi ɗaya cikin uku, kuma ana kan wannan cinikin.